Na'urar ceto da tabkunan Tagris

Komin Tagris, cikin gundumar Dakwaro, ba ta da kogi. Wata takwas ko tara na shekara, ruwa abin nema ne a rijiya mai zurfin gaba da yawa. Amma da damina ta kankama sai ƙasa ta sake kama: fadamu su cika, ƙoramu su taso, kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini su zama tabkuna. Yaron da ya tashi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, shi ne ake turawa shayar da awaki a bakin wannan ruwa.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. A daminar 2024, gwamnati ta ƙidaya mutum 396 da ambaliya ta kashe a Nijar, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Wasu gini ya faɗa musu, wasu ruwa ya ci su. A watan Agusta na shekarar, ruwa ya tafi da motocin ƴan kasuwa a jahar Tawa, fiye da mutum 50 suka rasu a tashi ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta mutum 300,000 suka nutse a duniya cikin 2021, kusan kashi ɗaya bisa huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

Masu fasaha ba su zauna ba. Kamfanin Hydronalix na Amurka ya ƙera wata na'ura mai suna EMILY: ɗan kwalekwale ne mai batir, nauyinsa wajen kilo 11, ana tuƙa shi daga bakin ruwa da telekomandi kamar ta talabijin. Yana gudun kilomita 35 a awa, yana jan igiya, mutum huɗu ko biyar na iya rungumarsa su tsaya bisa ruwa. A farkon 2016 an kai shi tsibirin Lesbos na Girka, inda ya taimaka wajen fid da ɗaruruwan ƴan gudun hijira daga teku. A Fotugal akwai U Safe, mai siffar kofaton doki, wadda ko igiyar ruwa ta kifar da ita ba ta fasa tafiya. Hikimar ɗaya ce: mai ceto ya tsaya a tudu, domin sau da yawa wanda ya faɗa ruwa don ya cece ɗan'uwansa shi ma bai fitowa.

To, amma duk na'urorin nan an yi su ne don wurin da akwai mai tsaro zaune, idonsa bisa ruwa, batir cike. Kuma wanda ake aika wa na'urar dole ya kasance da sauran ƙarfin da zai kama ta. Yaro ɗan shekara 3 ba ya ihu, ba ya kama komai. Cikin mintoci kaɗan an gama. Kafin labari ya isa ofishin magajin gari, balle a nemo mai mabuɗin sito, sai dai ɗaukar gawa. Ga kuma kuɗi: an sayar da EMILY wajen dalar Amurka 10,000, fiye da miliyan 5 na sefa ke nan, na'ura ɗaya, a komin da tabkunanta ke warwatse cikin daji. Ƴan kwana-kwana na Yamai da Gaya, da na Maraɗi lokacin da gulbi ya kawo, su ne za su ci moriyarta, kuma ya dace a saya musu.

Abin da zai yi wa Tagris amfani ya fito daga wata ƙasa matalauciya. A Bangaladash, inda nutsewa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara, an gano cewa yawancinsu suna faɗawa kududdufi kusa da gida, da hantsi, sa'ad da uwa ke fama da aiki. Sai aka buɗe gidajen reno a ƙauyuka, mace guda da mai taimaka mata suna riƙon yaran unguwa daga safe zuwa azahar. Manyan yara kuma a koya musu iyo cikin tabkin da aka killace da gora. Mace-macen sun ragu ƙwarai.

Sauran kayan kuwa suna cikin kowace kasuwa. Bido mai lita 25, in an toshe bakinsa, ya isa ya riƙe babban mutum bisa ruwa. Masunta tun kaka da kakanni bisa gora suke su. A ɗaure shi da igiya mai mita 20, a rataye ga icce bakin tabki, a nuna wa matasa yadda ake jefa shi. A mashigin ƙorama kuma a kafa ginshiƙi mai alamar ja, wadda in ruwa ya kai ta babu direban da zai shiga, ko da fasinja sun matsa don kada kasuwa ta watse. Wannan duka bai kai kuɗin tayoyin motar hukuma ba, kuma hukumar komin na iya saka shi cikin kasafinta kafin watan Yuni.