Tsakanin Asuba da Hantsi: Gurbin Atisayen Keke a Rayuwar Magidancin Kabi

Duk lokacin da aka yi wa ma'aikaci a Birnin Kebbi maganar motsa jiki, amsarsa ba ta wuce "ina lokaci?" Yana da hujja. Ƙarfe 8 ana jiransa a ofis, kafin nan akwai kai yara makaranta da barin kuɗin cefane, bayan tashi kuma ga gaisuwar mara lafiya, ga ta'aziyya, ga leƙa gona. Wannan maƙala na ganin cewa lokacin atisayen keke yana nan cikin yinin Bahaushe, kuma abin da ya fi hana hawan shi ne matsayin da al'umma ta ajiye keken.

Bahaushe ya daɗe da yanka yininsa gunduwa-gunduwa tun kafin agogo ya zo masa: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, isha. Kowane yanki da mai shi. Walaha zuwa azahar na neman abinci ne, la'asar zuwa magariba na zumunci da majalisa, dare na iyali. Yankin da bai cika samun mai da'awa a kansa ba shi ne tsakanin idar da sallar asuba da fitowar hantsi. Yanayin ƙwarin Rima ma ya goyi bayan wannan zaɓi, domin daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, ta yadda hawan keke da tsakar rana ganganci ne. Da sanyin safiya ake kama fara.

Lissafin ba shi da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 a kwana biyar. Wanda ya fita da gari ya fara haske, ya yi rabin sa'a, zai dawo ya tarar ba a gama yi wa yara wanka ba. Wanda kuma safiyarsa ta cika, tafiya wurin aiki kanta atisaye ce. Malamin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ya ajiye mota ko kabu-kabu sau uku a mako ya samu horo da rarar kuɗin mai a tafiya guda, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023.

Mai burin tsere yana buƙatar doguwar tafiya sau ɗaya a mako. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu kimanin kilomita 50 ne, tafiyar sa'a biyu da wani abu ga matsakaicin mahayi. A nan ne rikici da iyali ke fara tasowa, domin safiyar Asabar da Lahadi ita ce ta raɗin suna da ɗaurin aure, kuma ita ce kaɗai damar da uwargida ke ganin maigida a zaune. Magidancin da ya mai da kowane ƙarshen mako na kekensa ya tauye haƙƙi. Mafita ita ce shawara: a tsai da rana da yardar gida, a yarda ta faɗi idan sha'anin dangi ya taso, a kuma rama wa iyali da yammacin ranar. Atisayen da ya ɓace sau ɗaya ba ya rusa ƙarfin da aka tara cikin watanni.

Shekara ma tana da nata tsari. A hunturu gari kan makara wajen wayewa, ga hazo da ƙura, don haka fitila da tufa mai haske wajibi ne a kan titin da manyan motocin shinkafa ke bi. A damina a duba hadari. A watan azumi kuwa a rage tsawo da ƙarfi, a koma gab da shan ruwa ko bayan asham.

Saura babbar matsalar. Keke, wanda dattawa ke kira laulawa, ya taɓa zama abin alfaharin malamin makaranta da ma'aikacin En'e. Zuwan babur da mota ya sauko da shi zuwa alamar rashi. Yau darakta zai iya shekara yana shan maganin hawan jini ba wanda ya tanka, amma ranar da aka gan shi bisa keke za a fara raɗe-raɗin ya karye. Abin mamaki, wannan ƙasa ce da ke girmama ƙarfin jiki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, baje kolin juriya ne: ninƙaya, tseren kwalekwale, kokawa, dambe. Masuncin da ke faɗawa Matan Fada da homa da gora ba ya ware ranar horo, sana'arsa ce horonsa. Haka manomin da ke tuƙa keke zuwa fadama kullum. Ma'aikacin da kujera ta ɗaure shi ne ya rasa wannan gado, kuma kunya ce ke hana shi nemo shi.

Za a ce tituna ba su da gefen masu keke, kuma mata, waɗanda safiyarsu ta fi ta kowa cika, ba su cikin wannan lissafi. Duka gaskiya ne. Amsar tana hannun cibiyoyi irin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi: harabar da ke da tsaro, wurin ajiye kekuna, wurin watsa ruwa, da sa'o'in da aka keɓe wa mata.

Masana Hausa ma suna da rabonsu. Su ne suka fi kowa sanin yadda kalma ke ɗaga abu ko ta kayar da shi, a waƙa da fim da zancen majalisa. Ranar da shehun malami ya jingine kekensa a ƙofar sashe ba tare da kowa ya yi masa jaje ba, ƙaramin ma'aikaci zai daina cewa ba shi da lokaci.