RA'AYINMU: Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu da neman abinci ya kai su Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca, mun san da yawa daga cikinku ba abin da ke tuna muku gida kamar labarin ƙwallon ƙafa. Mutumin Lafiyar Barebari, ko Keffi, ko Akwanga, in yana zaune a Agege ko Sabon Badun, ran da Nasarawa United ke wasa kunnensa na kan rediyo ko waya, in an ci ya kwana da farin ciki, in an sha kashi tuwon dare ma ba ya yi masa daɗi. Saboda haka ba mu ga laifi ba yau mu tsaya a kan wannan kulob, mu dubi wani al'amari da ba a cika kula da shi ba, watau irin shugabancin da ake yi wa 'yan wasa, da kuma yadda su kansu 'yan wasan suke faɗa wa juna gaskiya.

Tarihin kulob ɗin hawa da gangara ne. Gwamnatin Jihar Nasarawa ta kafa shi a 2003, shekara bakwai bayan an ɓalle jihar daga Filato. A 2006 ya zo na biyu a babbar gasar ƙasa, bayan Ocean Boys, abin da ya ba shi damar shiga gasar zakarun kulob-kulob na Afirka a 2007. A 2015 ya zo na uku. A watan Nuwamba na 2016, ƙarƙashin koci Kabiru Dogo, ya kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a filin Teslim Balogun da ke Ikko, inda wasunku suka je da ƙafarsu suka ga yadda kofin ya kuɓuce a bugun fenariti, Ifeanyi Ubah ta ɗauke. A 2021 ɗan wasansa Silas Nwankwo ya jefa ƙwallo 19 a raga, ba wanda ya fi shi a gasar. Amma shekara biyu kacal bayan haka, a 2023, kulob ɗin ya faɗa rukunin 'yan dagaji, sai a 2024 ya sake haurowa.

In aka tambayi masu goyon baya dalilin wannan hawa da sauka, wani zai ce kuɗi, wani ya ce alƙalan wasa, wani ya ce a kori koci a huta. Ba mu musa cewa kowanne na da nasa rabo ba. Amma mu a namu ganin, kulob ɗin da ya iya fitar da gwanin cin ƙwallo na ƙasa a 2021, ya kuma sake fitar da wani, Anas Yusuf, a 2025, ba ƙarancin gwanaye ke damunsa ba. Abin da ke raba kulob mai ɗorewa da mai tashi yau ya faɗi gobe shi ne ko gaskiya tana da hanyar wucewa a cikinsa, daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, da kuma tsakanin 'yan wasa su ya su.

Dalili kuwa a fili yake. Da zarar alƙali ya busa usur, koci ya koma bayan layi, muryarsa ba ta wuce ihun 'yan kallo. Cikin minti 90 ba shi da damar zama da yaransa sai ɗan hutun rabin lokaci na minti 15. Sauran lokacin duka, mutum goma sha ɗayan da ke cikin fili su ne malaman juna. Mai tsaron gida shi ke ganin filin gaba ɗaya, shi ya san ɗan bayan da ke barin kafa. Ɗan tsakiya shi ya san ɗan gaban da ke riƙe ƙwallo don a tafa masa. In waɗannan ba su saba gaya wa juna kuskure a wurin atisaye ba, ba ranar wasa za su fara ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ko 'yan wasa za su buɗe baki ko za su kame, wannan ya rataya ne ga irin shugaban da suke da shi. Shugabanni a wannan sana'a iri uku ne. Akwai mai faɗa a ji, wanda maganarsa yankan wuƙa ce. Akwai wanda ragama ta suɓuce masa, kowa na cin gashin kansa. Akwai kuma wanda hukunci na hannunsa, amma ba ya yankewa sai ya saurara.

Misalin na farko bai yi mana nisa ba. A watan Oktoba na 2015, ƙungiyar ƙasa tana sansani a Beljiyam, koci Sunday Oliseh ya karɓe kambun kyaftin daga Vincent Enyeama ya ba Ahmed Musa. Koci yana da ikon naɗa wanda ya ga dama, wannan ba gardama. Amma an yi abin ne gaban jama'a, cikin cacar baki, ga mutumin da bai daɗe da binne mahaifiyarsa ba, wanda kuma ya tsare wa Nijeriya raga sau 101. Enyeama ya tattara kayansa, bai sake yi wa ƙasa wasa ba. Oliseh da kansa ya ajiye aiki a Fabrairun 2016, Nijeriya kuwa ba ta sami zuwa gasar Kofin Afirka ta 2017 ba. Hukunci ko da yana kan daidai, in aka zartar da shi ta hanyar kunyata babba gaban yara, darasin da yaran ke ɗauka shi ne su yi shiru su tsira da mutuncinsu.

Misali na biyu daga Faransa ne, a gasar Kofin Duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu. Bayan an kori Nicolas Anelka daga sansani saboda baƙar maganar da ya gaya wa koci Raymond Domenech, sai 'yan wasan gaba ɗaya suka ƙi fita atisaye, suka zauna cikin mota duniya tana kallo. Ƙasar da ta kai wasan ƙarshe a 2006 ta koma gida ita ce kurar baya a rukuninta, da maki ɗaya tak. A nan 'yan wasa sun yi magana, har ta yi yawa, amma ba shugaban da ake jin kunyarsa balle ya tattara maganar ta zama gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku kuwa shi ne marigayi Stephen Keshi. Ya yi kyaftin a ƙungiyar da ta ci Kofin Afirka a 1994, ya sake cinsa yana koci a 2013. Ba mutum ne mai sanyin hali ba, ya ajiye manyan da suka yi suna a Turai, ya tafi da yara shida masu wasa a gida, har ɗayansu, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta kayar da Burkina Faso a wasan ƙarshe. Kyaftin ɗinsa Joseph Yobo ya sha zaman benci a wannan gasa, amma ba a raba shi da girmansa ba, an sa shi a mintocin ƙarshe, shi ne kuma ya ɗaga kofin. Haka dattawa ke tuna Christian Chukwu, wanda abokan wasansa ke kira Ciyaman, da ya jagoranci ƙungiyar ƙasa ta ci Aljeriya 3 da nema a Surulere a 1980. Irin waɗannan ana jin maganarsu ne domin su ma suna jin ta wasu.

Sai dai kuma ita kanta gaskiyar tana da ladabin faɗa. Roy Keane ya shekara takwas yana kyaftin ɗin Manchester United a Ingila, ba wanda ya kai shi matsa wa abokan wasa su tashi tsaye, kuma muddin yana yi a cikin gida, Alex Ferguson ya bar shi. Amma a ƙarshen Oktoban 2005, bayan Middlesbrough ta ci su 4 da 1, sai ya zauna gaban na'urar talabijin ɗin kulob yana kama sunan abokan wasansa ɗaya bayan ɗaya. Ba a watsa hirar ba, kafin wata ya cika kuwa ya bar kulob ɗin. Abin da aka faɗa a ɗaki nasiha ne, in aka fitar da shi kasuwa ya zama tonon silili. A ɗaya gefen, a ƙasar Barazil, 'yan kulob ɗin Corinthians ƙarƙashin jagorancin Socrates sun kafa tsarin da kowa ke da ƙuri'a ɗaya kan al'amuran kulob, daga shugaba har mai kula da riguna, suka kuma ci gasar jiharsu ta Sao Paulo a 1982 da 1983. Ba mu ce a kwaso wannan tsari dungurungum ba, amma ya nuna cewa sauraron ƙarami ba ya hana cin kofi.

Yanzu mu koma Lafiya. Nasarawa United, kamar yawancin kulob-kulob na ƙasar nan, mallakar gwamnati ne, kuma irin wannan gida yana da abubuwa uku masu ɗaure harshe. Na ɗaya tsoro. Kocin da ya san wasa uku in ba nasara za a iya sallamarsa ba zai so jin kuskurensa daga bakin yaro ba, yaron da abincinsa ke hannun mahukunta kuwa ba zai yi gangancin faɗa ba. Na biyu tarbiyyarmu, wadda ta hana ƙarami ɗaga ido gaban babba. Kyakkyawar ɗabi'a ce, amma a cikin fili ƙwallo ba ta tambayar shekaru, in babba ya bar kafa aka ci, da shi da ƙaramin duka aka ci. Na uku bambancin harshe da ƙabila. Kamar yadda kuka bar Arewa kuka je Kudu neman halali, haka yaran Kudu ke zuwa Lafiya, su haɗu da Bahaushe da Eggon da Alago da Tibi. In ba a yi hattara ba sai kowa ya ja nasa gefe, gyaran da ya fito daga bakin wanda ba naka ba ya zama zagi.

Kada kuma a ɗauka maganar cin kofi kaɗai muke yi. Ran 8 ga Maris 2020, ana wasa da Katsina United a filin Lafiya, ɗan bayan Nasarawa United Chineme Martins ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Kwamitin da hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kafa ya sami giɓi babba a shirin kula da lafiyar 'yan wasa, har da rashin motar asibiti mai aiki. Ajali in ya zo ba makawa, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane kulob a ƙasar nan ya kamata ya tambayi kansa: in ɗan wasa ko mai ɗaukar kaya ya ga irin wannan giɓi, wa zai gaya wa, kuma me zai same shi in ya faɗa?

Saboda haka muna ba mahukuntan Nasarawa United, da na sauran kulob-kulob na Arewa, waɗannan shawarwari. Da farko, a bar wa koci aikinsa. Wanda ba ya zuwa atisaye kada ya aiko da sunan wanda za a sa a wasa, kuma in an ba koci wa'adi a bar shi ya cika. Na biyu, wajen naɗa kyaftin a ji ta bakin 'yan wasa, a kuma kafa 'yar majalisa ta mutum huɗu ko biyar, da manya da yara, da 'yan gida da baƙi, wadda za ta riƙa kai kuka gaban koci da mahukunta ba tare da an hukunta mai kai kukan ba. Na uku, bayan kowane wasa, ko an ci ko an sha kashi, a rufe ƙofa a zauna a sake kallon hoton wasan, a fara da ƙarami kafin babba ya yi magana, kyaftin da koci su fara ambaton nasu kuskure, a kuma tsaya kan abin da mutum ya yi a fili, ban da halinsa ko asalinsa. Abin da aka faɗa a ɗakin nan kuwa ya mutu a ɗakin, kada a tsince shi a Facebook. Na huɗu, a biya albashi da alawus a kan kari, gama mai jin yunwa ba ya faɗa wa mai riƙe da akushi gaskiya.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Kurmi, wannan magana ba ta tsaya a filin ƙwallo ba. Ƙungiyoyinku na kasuwa da na tasha, da zaman da kuke yi a ƙofar Sarkin Hausawa, duk ƙafar wando ɗaya ce da abin da muka zayyana. Shugaban da ba a iya gaya masa gaskiya, ran da zai faɗi ba mai tare shi. In kuma kulob ɗinku ya zo wasa garin da kuke, ku je ku mara masa baya, in an yi rashin sa'a kada ku zama na farkon masu kiran a kori wane. Ku tambaya tukuna ko an bar mutanen sun yi aikinsu, ko kuma an bar su sun faɗi abin da suka gani. Allah ya ba shugabanninmu kunnen saurare, ya ba mabiya harshen nasiha, amin.