Barmani Coge: Ƙwaryar Da Ta Fito Daga Cikin Gida

Duk ranar al'adu a makarantunmu, daga Kiru har Doguwa, abu ɗaya muke gani. Da an ce wa zai yi kiɗan ƙwarya, sai 'yan mata su fara noƙewa, wai ƙauyanci ne. Kowa so yake a kunna masa waƙar fim a waya. To, ku matso mu ba ku labarin Hajiya Sa'adatu, wadda duniya ta sani da Barmani Coge.

'Yar Funtuwa ce a jihar Katsina. Kiɗan da ta ɗauka shi ne amada: mata su kife ƙore, wasu a kan ruwa don amo ya yi zurfi, su riƙa bugawa, ɗaya na bayar da waƙa sauran na amshi. A da, wannan harkar cikin gida ce, ta biki da suna, inda namiji ba ya leƙawa. Fagen waƙa a bainar jama'a kuwa na maza ne, irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos. Uwaliya Mai Amada ta riga ta buɗe ƙofa, amma Barmani ce ta kai ƙwarya ko'ina, a kaset, a rediyo, a talabijin, da ayarinta na mata.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne bakinta. Maganar kishiya, haihuwa, da halin zaman aure, waɗanda mata ke yi a ɗaka da murya ƙasa-ƙasa, ita a lasifika ta faɗe su, cikin barkwanci. Wasu suka ce ta cika rashin kunya, kuma gaskiya akwai baitocin da ba za mu so ku rera gaban shugaban makaranta ba. Amma ita ce dai ta yi waƙar "A Kama Sana'a Mata", tana zaburar da mace ta nemi na kanta, tun kafin a fara tarukan koyar da sana'a da kuke gani yau.

Ta rasu a watan Maris na 2013.

Ga aikinku na hutu, ku 'yan Bebeji da Tudun Wada har da ku maza: ku tambayi kaka ko gwaggo wace waƙar ƙwarya aka yi ranar bikinta, kuma wa ya koya mata. Ku rubuta, ku aiko mana. Wadda ta fi, za mu buga ta a wannan fili.