Wa Ya Ji Ta Bakin Wanda Ake Tuhuma?

Ran 30 ga Satumba 2011, jirgin Amurka maras matuƙi ya harba makami a arewacin Yaman, ya kashe Anwar al-Awlaki. Mutumin nan ɗan Amurka ne, a can aka haife shi cikin 1971. Babu kotun Amurka da ta taɓa yi masa shari'a kan ta'addanci. Gwamnatin Shugaba Barack Obama ce ta sa sunansa cikin jerin waɗanda za a kashe.

Kada mai karatu ya zaci muna wanke shi ne. Wa'azinsa ya ingiza matasa ga zub da jini. Gwamnati kuma ta ce shi ne ya shirya Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan Nijeriyan nan da ya so tarwatsa jirgin sama ran Kirsimeti ta 2009. Amma ku duba bambanci. Abdulmutallab, wanda baƙo ne a Amurka, an kai shi kotu, ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2012. Ɗan ƙasa kuwa, a ofis aka yanke nasa hukuncin, cikin asiri.

Tun 1791 tsarin mulkin Amurka ya hana a ɗauke ran mutum ba tare da an bi hanyar doka ba. Mahaifin Awlaki, wanda tsohon ministan aikin gona ne a Yaman, ya kai ƙara a 2010 domin a hana kisan ɗansa. Alƙali John Bates ya kori ƙarar, ya ce ba uban ne ke da ikon kawo ta ba, kuma maganar ba ta kotu ba ce. Amma shi kansa ya yi mamaki: yaya gwamnati za ta nemi izinin alƙali kafin ta saurari wayar ɗan ƙasa a waje, amma ba ta nema in za ta kashe shi?

A 2012 babban lauyan gwamnati, Eric Holder, ya ce bin hanyar doka ba lalle ne ya zama ta kotu ba, binciken da manyan gwamnati suka yi a tsakaninsu ya wadatar. Nan ne muka raba hanya da shi. Ko rigimar iyakar gona ce, mai unguwa ba ya barin mai ƙara ya zama shi ne shaida, shi ne mai yanke hukunci. A nan kuwa gwamnati ce ke kiɗanta, ita ke rawarta. Sun ce kama shi ba ya yiwuwa, kuma haɗarinsa ya matso. To, in hujjar tana da ƙarfi haka, me ya hana a nuna wa alƙali, ko da a ɗaki rufe? Ikon nan kuma bai bi Obama gida ba. Yana nan a kujerar, kowa ya hau ya gada.

Mako biyu bayan kisan, wani jirgin ya kashe ɗan Awlaki, Abdurrahman, mai shekara 16, shi ma ɗan Amurka. Sai a 2013 gwamnati ta amsa, ta ce ba shi aka nufa ba. Kakansa ya sake zuwa kotu yana neman a bi kadin jinin yaron. A 2014 aka kori wannan ƙarar ita ma.