FILIN ƊANƊANON LITTAFI: Budurwar da ta kirawo aljani da waƙa

Yau ba littafin kasuwar Kano na kawo muku ba, na Turanci ne, sunansa The City of Brass, wato Birnin Tagulla. Wata Ba'amurkiya mai suna S. A. Chakraborty ce ta rubuta shi, ya fito a 2017, kuma shi ne na farinta. Wai na fari kenan, amma ya haura shafi 500! Kada kaurinsa ya ba ku tsoro, in kin kama shi sai tuwo ya ƙone a kan murhu.

Labarin ya faro ne a Alƙahira ta ƙasar Masar, zamanin da sojojin Faransa suka mamaye ta, wajen ƙarshen ƙarni na 18. Nahri marainiya ce, ba ta san uwa ba balle uba, da damfara take ci. Ta duba wa attajiri tafin hannu, ta tsorata shi, ta karɓe kuɗinsa. Sai dai tana da wata baiwa da ita kanta ba ta san tushenta ba: da ta dubi mutum ta gane ciwon da ke jikinsa, kuma duk yaren da aka yi a gabanta tana ji. Wani dare aka kira ta wasan zar, wanda kusan borin mutanen can ne, don a yi wa wata yarinya magani. Ita ba ta yarda da iskoki ba, kuɗi take nema, sai ta rera waƙa da wani yare da tun tana ƙarama take jin sa a ranta. Ashe kira ta yi, kuma an amsa.

Wanda ya amsa shi ne Dara, mayaƙin aljanu mai koren ido, kyakkyawa na ƙin ƙarawa, ga zafin rai kamar barkono. Faɗa suka fara da shi, kun dai san yadda irin wannan faɗan yake ƙarewa. Ya ɗauke ta suka nufi Daevabad, birnin aljanu mai ganuwar tagulla da ƙabilu 6, don ya gano jinin Nahid gare ta, gidan masu warkarwa da suka taɓa mulkin birnin kafin a ƙwace musu sarauta shekaru wajen 1,400 da suka wuce.

To a nan ne littafin ya kama ni da gaske. Sarki Gassan ya karɓe ta hannu bibbiyu, ya ba ta masauki a fada, ga sutura ga barori. Amma fa ba don Allah ba. So yake ya aurar da ita ga Yarima Muntadhir, magajinsa, don ƙabilarta ta daina hararar gadon sarautarsa. Har ƙaramin ɗansa Ali ya tura ya yi abota da ita. Ali kuwa ustazu ne, ba ya shan giya irin ta yayansa, ba ya kallon mata, kuma a ɓoye ya taimaka wa masu fafutukar kare shafit da kuɗi. Shafit su ne ruwa-biyu, rabi mutum rabi aljan, waɗanda ake wulaƙantawa har a sace 'ya'yansu a sayar. Shi ya zauna yana koya wa Nahri karatu, abotar da aka fara da umarnin uba ta zama ta gaske, har ni kaina na soma cewa anya kuwa?

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. A yawancin littattafan soyayya jarumi fes yake, laifi duk na kishiya ne ko na Alhaji mai kuɗi. Nan kuwa Daran da zuciyar Nahri ta mace a kansa akwai jini a hannunsa. A zamanin da, an tura shi wani gari mai suna Qui-zi, ya riƙa tsula wa mutane bulala don a ga launin jininsu, domin na tsantsar aljani baƙi ne, na shafit ja. Mai jan jini ya shiga uku. Mutanensa gwarzo suke kiransa, sauran birni kuwa da sunansa ake tsorata yara. Kina karantawa kina son sa, kina kuma jin tsigar jikinki na tashi. Ni dai ban yafe masa ba, amma duk shafin da babu shi sai in ji na ƙosa.

Ƙannena 'yan makaranta, ku tuna ƙagaggen labari ne, ko da kun ga an ambaci hatimin Annabi Sulaimanu (AS) kada a ɗauke shi tafsiri. Tsakiyarsa kuma tana da ɗan nauyi, sunayen ƙabilu sun yi yawa, gara ki ajiye biro da takarda kusa.

Wa Nahri ta aura? Bakina ƙanin ƙafata. Abin da zan faɗa kawai, da maganar sadaki ta taso, yarinyar nan ta tuna ita 'yar kasuwar Alƙahira ce, Sarki ya ji ciniki. Ci gaban labarin yana cikin The Kingdom of Copper na 2019 da The Empire of Gold na 2020. Wadda ta karanta ta rubuto mini, 'yar gidan Dara ce ko 'yar gidan Ali?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.