Shirunmu Kan Sankarar Mama Yana Cutar Da 'Ya'yanmu



Mu idan mace ta rasu da sankarar mama, sai mu ce "ta yi jinya", a rufe zancen. Ni a ganina wannan kunyar tana cutar da 'ya'yan da ta bari.

Wani nau'in cutar gadonsa ake yi. Akwai ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, masu gyara ɓarna a jiki. Idan suna da tangarɗa, yarinya na iya gadonta daga uwa ko uba. Binciken asibitin UCH nan Ibadan, da aka buga a 2018, ya sami tangarɗar a kusan mace 1 cikin 9 masu cutar.

Wani binciken Turai na 2012 ya nuna masu wannan gado da aka haska ƙirjinsu da eksire kafin shekara 30, haɗarinsu yakan ƙaru.

Ban ce a ƙi hoto idan ya zama dole ba. Amma kafin a ɗauka, a gaya wa likita cewa inna ko goggo ta yi cutar. Shi zai auna, don hoton MRI ba shi da irin wannan hasken.

Iyaye maza, ku ma ku daina ɓoyewa. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.