Ingancin awon jini: A saurari ma'aikatan ɗakin gwaji

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko asibitin Gwaram, ya san zaman jiran sakamako. An ɗebi jini, an ce a dawo, kowa ya zuba ido. 'Yar takardar da za a miƙo, da ita likita zai rubuta magani, da ita za a ƙara wa mai naƙuda jini, da ita ake ɗaura aure ko a fasa idan gwajin sikila ne.

Shi ya sa nake ganin batun tabbatar da ingancin gwaji ya shafi kowa. Ma'anarsa ba ta da wuya: a tabbata jinin da aka auna na mai shi ne, sinadarin da aka yi aiki da shi bai lalace ba, na'ura tana faɗin gaskiya, kuma abin da aka rubuta shi aka gani.

Ma'aikatan ɗakin gwaji sun san wannan, don shi aka koya musu tun a makaranta. Amma idan aka yi zancen duba inganci, da yawa abin da ke zuwa musu a rai shi ne ƙarin cike takardu da baƙi masu neman laifi. Suna da hujja. Wasu sinadaran sai an ajiye su a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a yankin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas. Gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro yana buƙatar jiran minti 15 zuwa 20, amma da damina layi ya kai ƙofa, kowa na cewa a yi sauri.

Duk da haka, rashin kayan aiki ba zai zama uzurin komai ba. Masana sun daɗe da gano cewa mafi yawan kurakurai kafin a fara gwajin suke aukuwa: a manta rubuta suna a kwalba, a musanya ta Amina da ta Aminu, ko jini ya daɗe a ajiye. Gyara waɗannan natsuwa yake buƙata, ba janareta ba.

Tsarin ma akwai shi. Dokar 2003 ta kafa majalisar kula da aikin gwaje-gwajen lafiya ta Najeriya, wato MLSCN. A 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka ta ƙaddamar da tsarin ba ɗakunan gwaji tauraro, daga ɗaya zuwa biyar, don su riƙa hawa mataki-mataki. Abin da ya rage shi ne amfaninsa ya isa ƙananan asibitocin karkara.

Shawarata ga gwamnatin Jihar Jigawa da shugabannin asibitoci: a sa wa firjin ɗakin gwaji sola, a ware kuɗin sayen samfurin da ake gwada na'ura da shi kafin a taɓa jinin mara lafiya, a riƙa tura ma'aikata ƙarin horo. Mafi muhimmanci, ma'aikacin da ya kawo rahoton kuskurensa a gyara masa, kada a tozarta shi. Inda ake hukunta mai faɗin gaskiya, ɓoyewa za a koya, mara lafiya kuma shi zai kwana a ciki.

Mu ma masu jinya da namu. Idan ma'aikaci ya ce zai sake ɗibar jini don bai gamsu da na farko ba, kada mu yi masa faɗa. Mu tabbatar sunanmu ne a jikin kwalba da takarda. Jinkirin awa ɗaya ya fi a sha maganin cutar da ba a ɗauke da ita.